Kashin Ƙuda da Shaidar Jini a Wurin da Aka Tsinci Gawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu karatu, musamman dagatai da masu unguwanni da 'yan sintiri da 'yan sandan da ke aiki a ƙananan ofisoshin karkara, kan wani al'amari da mutum zai ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, alhali kuwa yana iya jefa marar laifi a kurkuku, yana kuma iya kuɓutar da mai laifi. Al'amarin shi ne abin da ƙwari, musamman ƙuda, suke yi wa alamun jini a inda aka tsinci gawa ko aka ji wa wani ciwo. Ni tsohon malamin gona ne, na shafe shekaru ina zaga gonaki a ƙasar Ringim da kewayenta ina duba ƙwarin da ke cin gero da wake da gyaɗa, kuma wannan aiki ne ya sa mini sha'awar halayen ƙwari har na riƙa bibiyar abin da masana suka rubuta game da su a fannin binciken laifi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wani ƙauye da na taɓa zama, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda mutanen da abin ya shafa suna raye. A wata bazara, cikin watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40, aka kwana biyu ba a ga wani dattijo a masallaci ba. Tun bayan rasuwar maiɗakinsa shi kaɗai yake kwana a wani ɗaki a gefen gari, kuma da yake yakan tafi wajen 'yarsa da ke aure a wani gari ba tare da ya yi sallama da kowa ba, babu wanda ya damu. Sai a rana ta uku wari ya tona asiri. Da aka ɓalle ƙyauren aka same shi kwance a kan tabarma, wani ruwa ja mai duhu ya fito masa ta hanci da baki ya jiƙe matashin kai, sannan jikin bangon da aka shafe da farar ƙasa ya cika da ɗige-ɗige ƙanana, jajaye da masu ruwan ƙasa, waɗanda ba sa ƙirguwa. Nan take wani daga cikin waɗanda suka shiga ya ce wannan tartsatsin jini ne, da gora ko taɓarya aka bugi marigayin. Kafin azahar magana ta karaɗe gari, har an haɗa ta da sunan ɗan ƙanensa, wani saurayi da suka yi sa-in-sa da shi a gaban dagaci kan iyakar gona a daminar da ta gabata. Ba don dagacin ya yi dabara ya shigar da yaron zaurensa ya tsaya a bakin ƙofa har jami'an tsaro suka iso ba, da abin da za a ba da labari daban ne. Daga baya likita ya duba gawar bai sami karaya ko sara ko kumburin duka ba, ya kuma bayyana cewa ruwan da aka gani shi ne wanda iskar da ke taruwa a cikin mamaci take turowa ta hanci da baki idan jiki ya fara lalacewa. An sallami saurayin bayan kwanaki, amma har yau akwai waɗanda ke sauya hanya idan sun hango shi.

Bayan an ɗauke gawar, dagaci ya ba ni izini na shiga ɗakin. Abin da na fara lura da shi shi ne inda ɗige-ɗigen suka fi yawa. Bangon da ke daf da kan marigayin kusan fes yake, amma gefen 'yar tagar da haske ke shigowa ya yi dabbare-dabbare, haka azarar rufi, haka igiyar da yake rataye riguna, har da jikin fitilar caji da ke rataye a ƙusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mahauta ranar kasuwa ya ɗaga kai ya dubi igiya da ginshiƙai ya san wannan zane. Kashin ƙuda ne da amansa, sai dai ƙudan ya ƙoshi da ruwan da ya fito daga gawa, shi ya sa launin ya yi ja. Kama da wane ba wane ba ne, in ji Hausawa, amma a ranar nan kamar ta isa ta sa gari ya yanke wa yaro hukunci.

Domin a fahimci yadda hakan ke faruwa, sai an san yadda ƙuda yake cin abinci. Ƙuda ba shi da bakin tauna. Abin da yake da shi kamar soso ne da yake tsotsar ruwa da shi. Idan ya sami abu busasshe, kamar jinin da ya daskare, sai ya zubo masa yawu da ɗan abin da ke cikinsa ya narkar da shi, sa'an nan ya tsotse. Yana da wata 'yar jaka a ciki da yake tara abin da ya sha kafin ya narkar da shi, kuma idan ya ƙoshi yakan tashi ya nemi wuri mai ɗumi da haske ya huta, ya fito da ɗigon abin a bakinsa domin ruwan ya ragu, wani lokaci ya mayar, wani lokaci ya bar shi a inda yake zaune. Yana kuma yin kashi akai-akai, sau da yawa yana tafiya yana yi, abin da ke sa ɗigon ya ja 'yar wutsiya. Bayan waɗannan biyu akwai na uku, wato jinin da ke mannewa a ƙafafunsa da cikinsa idan ya sauka a wurin da bai bushe ba, ya je ya dangwala a wani wuri. Wanda ya fi yin wannan aiki shi ne ƙudan nan mai sheƙin kore ko shuɗi da muke gani a kan mushe da a mahauta, domin yana jin warin jini da gawa daga nesa, kuma da rana yakan iso cikin mintoci kaɗan. Ƙudan gida yakan biyo baya. Idan ƙudaje 100 suka yi kwana biyu a ɗaki ɗaya da jini ko gawa, kowannensu yana barin ɗigo da yawa a wuni, mai karatu zai iya lissafa yadda bangon zai koma. Yawancin ɗigon ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, kuma wannan shi ne tushen ruɗanin, domin girman ke nan da ake samu a feshin jinin da duka mai ƙarfi ko harbin bindiga ko tarin mai rauni a ƙirji yake haifarwa.

Jinin da ya fantsama daga rauni kuwa yana da ƙa'idar da ba ya saɓawa, kamar yadda ruwan da aka watsa daga buta ba ya saɓa tasa. Ɗigon da ya faɗo kai tsaye daga sama yana yin da'ira. Wanda ya zo a karkace yana miƙewa ya yi siffar ƙwai, kuma gwargwadon karkacewarsa gwargwadon tsawonsa, har masana suna raba faɗin ɗigon da tsawonsa su fitar da kusurwar da ya zo da ita. Wutsiyar ɗigon tana nuna inda jinin ya nufa. Saboda haka idan duka ɗaya ne ya watsa jini a bango, aka ja zare daga kowane ɗigo zuwa baya, zarurrukan za su haɗu a wuri guda, wurin nan kuwa shi ne inda raunin yake a lokacin da aka yi dukan. Da wannan ake gane ko a tsaye aka bugi mutum, ko a zaune, ko yana kwance yana barci, kuma ba sai an faɗa wa alƙali muhimmancin wannan bambanci ba idan wanda ake tuhuma ya ce kare kansa ya yi. Haka kuma jini ba ya zagaya kwana, ba ya shiga ɗakin da bango ya raba shi da wurin da aka yi rauni, ba ya hawa bayan ƙyaure ko ƙarƙashin kanta inda babu hanyar da zai bi ya isa.

Ƙuda ba ya bin ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji, kuma ta nan ake kama shi. Wutsiyoyin ɗigonsa kowace da inda ta fuskanta, wata sama, wata ƙasa, wata gefe, babu wurin da suke haɗuwa. Wutsiyar kanta sau da yawa a lanƙwashe take, mai kama da talibambam, ba miƙaƙƙiya kamar ta jini ba. Launin ba ɗaya ba ne a bango guda, akwai ja, akwai ruwan ƙasa, akwai baƙi, akwai mai haske kamar toka, gwargwadon abin da ƙudan ya ci da yadda ya narke a cikinsa. Idan aka sa gilashin ƙara girma, wasu ɗigon amai sukan nuna ɗan rami a tsakiya inda ya kafa bakinsa ya tsotsa. A shekarar 2003 wani masanin ƙwari Bajamushe, Mark Benecke, da wani jami'in 'yan sanda na Amurka, Larry Barksdale, sun wallafa bincike a kan wannan matsala, inda suka kawo shawarar cewa idan wutsiyar ɗigo ta fi jikinsa tsawo, a yi zaton aikin ƙuda ne. Wasu masana sun yi musu raddi cewa ma'aunin ba ya cika a kowane hali, ni ma ina ganin gaskiyarsu, musamman a wurinmu. Waɗannan ma'aunai a kan bango mai sumul da fenti aka gwada su, mu kuwa bangonmu na ƙasa ne mai shan ruwa, ƙasan ɗaki daɓe ne ko rairayi, shingenmu zana ce ko kara, kuma a kan irin waɗannan ko jinin gaskiya ma siffarsa takan lalace. Abin da ya fi amfani gare mu shi ne duban inda ɗigon ya taru, da tambayar ko jini zai iya kai kansa wurin.

Wani zai ce ai akwai gwaji, a kai ɗakin bincike a huta. To, a nan ma ƙuda ya sha gaban mutane. Sinadaran da ake fara gwada tabo da su, irin su luminol da ke yin haske shuɗi a cikin duhu, da wanda ke komawa ruwan hoda idan ya haɗu da jini, aikinsu shi ne su nuna akwai jini ko babu. Amai da kashin ƙudan da ya sha jini suna ɗauke da jini, saboda haka gwajin zai ce akwai, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba a tambaye shi wanda ya kawo jinin wurin ba. Gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, wanda Alec Jeffreys ya gano hanyarsa a Ingila a shekarar 1984, shi ma zai iya fitar da mai jinin daga ɗigon ƙuda, domin bincike ya tabbatar da cewa ƙwayoyin halittar mutum suna tsira a cikin abin da ƙuda ya fitar. A yi tunanin abin da wannan ke nufi a gidan Bahaushe na karkara, inda sassa huɗu ko biyar suke cikin katanga ɗaya, ɗakuna suna kallon juna, labule ne kawai a ƙofa. Ƙudan da ya sha jini a ɗakin wannan zai iya tsallaka tsakar gida ya sauka a kan rigar wancan da ke shanye, ko a bangon ɗakinsa, gwaji kuma ya fito ya ce ga jinin mamaci a rigar wane. Akwai kuma juyin wannan: a lokacin layya, ko a gidan da ke maƙwabtaka da mahauta, ɗigon da ke bango yana iya zama jinin rago ne ko na sa da ƙuda ya ɗauko, wanda sai an yi gwajin da ke bambanta jinin mutum da na dabba za a gane, gwajin da aka sani tun shekarar 1901. Duk da haka abin yana da fuskar alheri, domin idan masu laifi suka ɗauke gawa suka wanke daɓe, da wuya su tuna da kashin ƙudan da ke jikin azara, shi kuwa zai iya shaida cewa jinin wane ya taɓa zuba a ɗakin.

Sauran ƙwari suna da nasu rabon, ko da yake bai kai na ƙuda ba. Kyankyaso yana fitowa da dare ya ratsa cikin jini ya ja shi a ƙasa ko ya hau bango da shi, ya bar layin da za a ɗauka jan wani abu aka yi. Shi da tururuwa da cinnaka sukan ci saman fatar mamaci, musamman wurare masu laushi kamar leɓe da fatar ido da wuya, su bar tabo ja ko mai ruwan ƙasa da ke kama da ƙujewa ko ƙuna. Idan cin ya bi layin wuyan riga, wanda bai sani ba zai rantse shaƙe mutumin aka yi, kuma idan wurin yana ɓangaren da jini ya kwanta bayan mutuwa, yakan ɗan tsatsafo, abin ya ƙara kama da rauni. Likita ne ke iya raba gardama, domin raunin da aka yi wa mai rai yana da alamun da cizon bayan mutuwa ba shi da su. Sauro da kuɗin cizo kuwa babu ɗakin ƙauye da ba a samun jan tabonsu a bango ko a jikin tabarma inda aka murƙushe su, kuma jinin da ke cikin sauro yana iya nuna wanda ya ciza har kimanin kwana biyu. A shekarar 2008 'yan sandan ƙasar Finlan sun sami sauro a cikin wata motar sata, gwaji ya kai su ga wani mutum, shi kuwa ya ce rage masa hanya aka yi a motar. Sauron ya tabbatar da cewa ya ciji mutumin, amma bai ce shi ya sace motar ba.

Ba na so a ɗauka cewa ɓarna kaɗai ƙwari suke yi wa bincike, domin tsutsar da kowa ke ƙyama ita ce agogo mafi aminci idan gawa ta wuce kwana uku. Da yawa daga cikinmu har yanzu suna ɗauka nama ne da kansa yake haifar da tsutsa idan ya ruɓe, alhali tun shekarar 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya nuna cewa naman da aka rufe da ƙyalle ƙuda bai sauka a kansa ba ba ya yin tsutsa. Macen ƙuda tana zuba ƙwai fiye da 100 a zama ɗaya, kuma tana zaɓar ido da hanci da baki da kunne, ko kuma rauni idan akwai. Wannan kaɗai hujja ce, domin idan aka ga tsutsa ta yi dandazo a tafin hannu ko a ƙirji tun da wuri, inda babu ƙofa ta halitta, sai a nemi sara ko suka a wurin, wataƙila mamacin ya tare wuƙa da hannu. A zafinmu ƙwan yana ƙyanƙyashewa kafin kwana guda, tsutsar ta yi saɓa sau biyu tana girma, sa'an nan ta bar gawar ta nemi wuri busasshe ta shige cikin ɓawo mai ruwan ƙasa wanda mutane kan ɗauka kashin ɓera ne, daga ciki sabon ƙuda ya fito. Zagayen gaba ɗaya yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu a lokacin zafi, ya fi haka tsawo a lokacin hunturu. Masani yana auna tsutsa mafi girma, ya haɗa da yanayin zafin kwanakin, ya ce mutumin nan bai gaza kwana kaza da rasuwa ba. Sai dai lokacin da tsutsotsin suke barin gawa sukan ja ruwanta a ƙasa su bar sawu kamar an ja mamacin, tururuwa takan kwashe ƙwai ta jinkirta lissafi, guba irin fiya-fiya idan tana jikin gawa takan hana ƙuda sauka da wuri, ɗaki rufaffe ko gawar da aka naɗe da bargo su ma suna jinkirta shi.

Wannan ilimi ba sabo ba ne. Wani alƙali kuma mai binciken gawa na ƙasar Sin, Song Ci, ya kawo a littafin da ya rubuta a shekarar 1247 labarin wani mutum da aka kashe da lauje a ƙauye. Mai bincike ya sa kowa ya kawo laujensa aka jera a rana, ƙudaje suka bar sauran suka taru a kan guda ɗaya wanda ido bai ga komai a jikinsa ba, mai shi kuwa ya amsa laifinsa. Labarin yana da daɗi ga manomi irina, amma ina gargaɗin kada wani mai unguwa ya karanta ya ce zai gwada a ƙofar gidansa. Wuƙar da aka yanka kaza da ita jiya, da addar da aka sare ƙashi da ita, da laujen da yaro ya taɓa da hannun da ya ci kifi, duk ƙuda zai bi su, kuma ba zai faɗi dalilinsa ba.

Addininmu ma ya riga ya koya mana yin hattara da jini a matsayin hujja. A Suratu Yusuf, aya ta 18, 'yan'uwan Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sun zo da rigarsa ɗauke da jinin ƙarya, malaman tafsiri kuma sun bayyana cewa mahaifinsu ya lura rigar ba ta yage ba, ya gane cewa kerkeci ba ya cin mutum ya bar rigarsa lafiya. Wato bai tsaya ga ganin jini ba, sai da ya auna shi da sauran alamu. A littattafan fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, daga cikin abin da ake kira lausu, wato alamar da ke ƙarfafa zato a kan wanda ake tuhuma, wanda ke buɗe ƙofar rantsuwar ƙasama guda 50 da dangin mamaci ke yi, akwai adali ya ga wanda aka kashe yana birgima cikin jininsa, wanda ake tuhuma kuma yana kusa da shi ɗauke da alamar kisan. Malamai sun gindaya waɗannan sharuɗɗa ne saboda rai ake magana, kuma ɗige-ɗigen da aka tarar a bango bayan kwana uku ba su kama ƙafar wannan matsayi ba. A ɓangaren dokar ƙasa, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, sashe na 221 na kundin Pinal Kod ya tanadi hukuncin kisa ga kisan kai da gangan, sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre a fannin kimiyya. Amma ƙwararre ba zai iya cewa komai a kan ɗakin da aka share, aka zuba wa yashi da toka, aka fesa wa maganin sauro, aka turara kafin ya iso ba.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Na san muna gaggauta jana'iza, kuma sunna ce, na kuma san cewa share jini da zuba ƙasa a kansa muna yin su ne don girmama mamaci da tausaya wa iyalinsa. Ba na neman a bar ko ɗaya. Abin da nake roƙon iyayenmu dagatai da masu unguwanni shi ne, idan mutuwa ta zo da shakku, a tsayar da mutum biyu masu hankali a bakin ƙofa a hana shige da fice har hukuma ta iso, kada a fesa maganin ƙwari ko a kunna turare, domin yana kashe tsutsar da ake buƙatar sanin kwanakinta yana kuma gurɓata jinin. Yanzu babu ƙauyen da ba a samun waya mai ɗaukar hoto, saboda haka wanda ya fara isa daga cikin hukuma ya ɗauki bango huɗu da rufi da taga tun kafin a taɓa komai, ya maimaita daga kusa da rula ko biro a gefen ɗigon don a san girmansa, ya rubuta lokaci, ya rubuta ko ƙofa da taga a buɗe aka same su, da ko ɗakin cike yake da ƙudaje. Hoton farko yana da daraja ta musamman, domin jinin duka ba ya ƙaruwa, na ƙuda kuwa yana ƙaruwa kowace sa'a, har idan aka kwatanta hoton safe da na yamma aka ga sababbin ɗigo, magana ta ƙare. Ga jami'an da ke ɗaukar samfur, tufafi masu jini a shanya su a inuwa inda ƙuda ba zai kai gare su ba, a sa a ambulan ɗin takarda, domin leda tana riƙe danshi ta sa su yi fumfuna. Tsutsa kuwa a ɗebi manyan, a tsoma su a ruwan zafi na kusan rabin minti, a adana a sinadarin sifirit, a bar wasu da rai don a ga irin ƙudan da za su zama. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin ƙwayoyin halitta don binciken laifi a shekarar 2017, amma tsakaninmu da Legas kusan kilomita 1,000 ne, samfurin da aka lalata a ƙauye kuma babu cibiyar da za ta gyara shi.

Ina kuma kira ga sassan nazarin halittu na Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, da su sa ɗalibai su auna kwanakin girman ƙudajenmu a bazara da damina da hunturu, su kuma gwada yadda ɗigon jini da kashin ƙuda suke bayyana a kan bangon ƙasa da daɓe da zana da kwanon rufi. Aikin ba ya buƙatar fiye da keji mai raga, da ma'aunin zafi, da jini daga mahauta, da haƙuri, kuma lissafin da aka yi a ƙasashen sanyi ba zai yi daidai da Afrilun Jigawa ba.

Ɗakin dattijon nan an yaɓe shi da sabuwar ƙasa, wani jikansa ne ke kwana a ciki yanzu. Kafin a yaɓe na ɗauki hotunan gefen tagar da azarar da igiyar, na wanke su na ba dagaci, shi kuma yakan fito da su ya nuna wa masu unguwanninsa idan sun taru. Idan akwai ofishin 'yan sanda ko makarantar da ke son kwafi don koyarwa, a tuntuɓe ni ta hannunka, Malam Edita, zan aiko.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa.